Ƙwaƙwalwar da Na Ɗauko Daga Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta gaban shagon tela a nan Gyadi-Gyadi, kafin in gama gaisuwa wani ya ce, "To Isyaku, yaya Faransa?" Na gaya musu ya fi a ƙirga cewa Nijar na je, amma su a wurinsu duk inda ake cin dogon burodi Faransa ne. Wasu so suke su ji ko da gaske an kulle ni, wasu kuma tsaraba kawai suke nema. Ni kuwa ba ni da haƙurin maimaita magana, kowa ya sani. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san aikina ba, kamfanin da nake yi wa aiki a kan titin Zariya yana da kwamfuta guda ɗaya, girmanta ya kai kwabet biyu, tana zaune a ɗaki mai sanyi wanda ba a shiga da takalmi. Kowane ofis akwai ɗan allo da madannai da aka jawo masa waya daga wurinta. Ita ke riƙe da komai, ita ke amsa wa kowa, shi ya sa akawunanmu suka sa mata suna Uwar Ɗaki. Ni ne mai kula da ita. A cikinta akwai wani allo kore, faɗinsa kamar tiren shayi, wanda shi ke yin duk lissafin. Masu ita suna ce masa furosesa, mu kuwa tun ranar farko ƙwaƙwalwa muke cewa. Da damina aka yi wata tsawa, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, ƙwaƙwalwar ta ƙone. Masu ƙera na'urar Faransawa ne, injiniyansu na wannan yanki yana zaune a Yamai, kuma yana da sabuwa a ajiye, wadda ta fi tamu ta dā sauri. Ya ce shi ba zai iya zuwa ba, a turo wanda zai koya wa ya zo ya sa da kansa. Manaja ya dube ni ya ce, "Kai za ka je. Ai can ma Hausa ake yi. 'Yan kwanaki ne ka dawo."

Ni kuwa nan take Baba ya faɗo mini a rai.

Baba tsohon direba ne. Da ƙuruciyarsa gyaɗa yake ɗauka, ya san hanyar Maraɗi kamar tsakar gidansa. 'Yan shekarun nan kansa ya fara zubar da abubuwa. Sai ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Ya manta maƙwabta, ya manta ƙanwata Hajara wadda take zuwa kullum daga Tarauni don ta kula da shi, "baiwar Allah" yake ce mata yana yi mata godiya kamar baƙuwa. Ni kaɗai na rage. Yadda nake gane haka kuwa shi ne, ni ɗan fari ne, mutanenmu na ƙasar Gaya kuma ba sa wasa da alkunya. Tun da aka raɗa mini suna Baba bai taɓa faɗarsa ba. "Kai" nake, in kuma da wani yake magana, "wancan". Akwai wani mahauci mai suna irin nawa a unguwarmu, shi ma ya rasa sunansa a bakin Baba, ya koma "mai sunan wancan". To kullum bayan Magariba nakan shiga zaure in zauna gefen tabarmarsa, shi kuma ya kau da kai ya dubi bango ya ce, "Kai ne?" Muddin yana kau da kan nan, yana haɗiye sunan, na san ina nan a cikin kansa. Sau ɗaya na yi kwana biyu a Kaduna, da na dawo sai da ya daɗe yana kallona kafin ya kau da kai. Hajara ta ce mini tun lokacin, "Yaya, kar ka ƙara nisa."

Da na je yi masa sallama na ce Yamai zan tafi, sai idonsa ya buɗe. "Yamai! Ta Jibiya za ka bi. Ka kwana Maraɗi. Hanyar Ƙonni ba ta da kyau, kar ka yarda direba ya yi sauri." Duk yana faɗa yana kallon bango. Can ya ce, "Me za a ɗauko?"

Na ce, "Ƙwaƙwalwa, Baba. Ta inji."

Na ɗauka ma ya manta da maganar. Sannan ya ce, "In an sa masa sabuwa, zai san ka?"

Na yi dariya na ce zai sani. Na tashi na fita.

Daga Kano zuwa Katsina babu abin ba da labari, sai direban da ya ƙi kashe rediyonsa. Labari ya fara ne bayan Jibiya, da muka tsallaka wajen jami'an Nijar. Ina tsaye a layi da fasfo a hannu, wani siririn jami'i mai gajeren wando ya nuna ni da biro ya ce, "Kai, mushe! Matso nan." Na waiwaya in ga ko akwai mataccen jaki a bayana. Ya sake cewa, "Mushe, da kai nake." Jama'a, ni da na sa sabuwar shaddata! Na ce masa, "Malam, ni da raina, kuma ko na mutu yankakke ne in sha Allahu." Wata Hajiya mai fataucin atamfa da muka taho tare tun daga Katsina ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta ja hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, girmama ka ya yi. A nan mushe shi ne malam ko maigida, na Faransa." Jami'in ma ya yi dariya ya buga mini hatimi. Daga ranar har na baro ƙasar, duk wanda ya ce mini mushe sai na ji wani abu ya taso mini, in danne.

Hajiyar nan ita ta sauke ni a zauren yayanta a Maraɗi, ta ce Bakano ba zai kwana a tasha ba tana garin. Hausarsu tamu ce, amma kamar an sa mata wani yaji. Makaranta lakwal, kwastan duwan, likita lokotoro. Su ma dariya suke yi mini, suna cewa mu Kanawa muna cinye rabin magana. Da safe na ga abin da ban taɓa gani ba: magidanci da gemunsa ya sayo burodi dogo kamar sandar makiyayi, ba takarda ba komai, ya saƙale shi a hammata yana tafiya yana gaisawa da mutane. Irinsa aka kawo mini, da kofi a kwano kamar koko. Na tuna hammatar, na yi bisimilla, na ci. Gaskiya dai yana da daɗi, ɓawonsa ƙarau-ƙarau, ba kamar namu mai zaƙi ba.

Hanyar Yamai doguwa ce, kuma kowane gari akwai shingen jandarmomi. Kowa ya sauko, kowa ya miƙa katinsa, a kira suna ɗaya-ɗaya kamar 'yan makaranta. Abin da ya ba ni mamaki, ba mai gunaguni. A namu da tuni wani ya fara "ka san ko ni wane ne?" Da muka shiga hanyar Ƙonni na tarar an shimfiɗa mata kwalta, sumul. Na ce a raina zan gaya wa Baba, sai kuma na tuna cewa a wurinsa hanyar tana nan yadda ya bar ta.

A Yamai Hausata ta ragu da rabi, don Zabarmanci ya fi yawa. Na koyi "fofo", ita ce sannu, na yi ta rabawa ko ta dace ko ba ta dace ba. Na sauka a masaukin wasu Kanawa 'yan goro kusa da kasuwa, washegari na nemi ofishin injiniyan, Mushe Bernar. Na isa rana ta take tsaka na tarar da ƙofa a garƙame. Na tambayi maigadi ko mutuwa aka yi. Ya ce a'a, barci ake. Ashe a garin nan da rana ta yi tsaka kowa rufe ofis yake ya tafi gida ya kwanta, har gwamnati, sai wajen La'asar a dawo. Na zauna gindin bishiya ina huci. Da aka buɗe, magatakardarsa ta gaya mini Mushe Bernar ya tafi arewa wajen masu haƙar ma'adinai, tasu na'urar ta tsaya. Yaushe zai dawo? "Gobe ko jibi."

Goben nan da jibin nan su suka cinye mini fiye da mako. Kullum in je, kullum gobe ko jibi. Na je gidan waya na wuni a benci kafin a haɗa ni da Kano, da aka haɗa kuwa muryar Manaja ce kamar daga cikin rijiya, ba abin da yake tambaya sai Uwar Ɗaki. Gidanmu babu tarho. Na roƙe shi ya aika a dubo mini Baba, ban sani ba ko ya ji. 'Yan goro sun yi mini kirki, suna ɗura mini kifin kogi da wani kwaɗon zogale da Zabarmawa ke kira kopto. Da rana ina iya hira. Amma da an kira Magariba sai in rasa inda zan sa kaina. Ina idar da salla sai in ga tabarmar zaure a idona, gefen da nake zama babu kowa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, irin wanda ban ji ba tun ina yaro.

Ranar da Mushe Bernar ya dawo na shirya masa maganganu masu zafi, amma da na gan shi sai suka tsere. Ɗan gajeren mutum ne, rana ta ƙone masa hanci, ya rungumi matarsa a bakin ofis ya sumbace ta kunci biyu a gaban maigadi da ni da kowa. Ni na ji kunyar. Sai dai malami ne na gaske. Turancinsa guntu-guntu, nawa ma ba wani na a zo a gani ba, amma hannu ya fi baki bayani. Ya buɗe wata na'ura irin tamu ya sa na cire ƙwaƙwalwa na mayar har hannuna ya saba. Kafin a taɓa ta, in ji shi, dole mutum ya fara dafa ƙarfe, don akwai wata 'yar wuta da take taruwa a jikin mutum, irin wadda kan ɗan tsunkule ka in ka taɓa ƙofar mota, ita kaɗai ta isa ta kashe ta. Duk sanda na manta sai ya buge mini hannu. Ya naɗe sabuwar a wata takarda mai ƙyalli, ya sa a akwatin kwali, ya liƙe. Ya ce kar ta sha zafi, kar ta hau saman mota, kar kowa ya taɓa.

Ina shirin fita na yi masa tambayar Baba. Na ce in an canza mata ƙwaƙwalwa, za ta tuna abin da ta sani? Ya yi dariya ya nuna mini fayafayan da ke juyawa a gefe. Ya ce abin da ta sani duk yana can a rubuce, ƙwaƙwalwa aiki kawai take yi da shi. Cire wannan, sa waccan, ba abin da zai ɓata. Na yi masa godiya. Na fito ina tunanin cewa su da suka ƙera abin nan sun yi wa kansu tanadi, sun raba wurin ajiya da wurin aiki, mu kuwa namu duk a tukunya ɗaya yake.

Yanzu ga abin da kuka fi son ji. A motar dawowa na rungume akwatin a cinya, na rufe shi da rawani saboda rana. Yaran mota suka yi suka yi in kawo a ɗaure a sama, na ƙi. Muka tsaya cin abinci, na shiga da shi. Muka tsaya salla, na ajiye shi a gabana. Wani dattijo da ke gefena ya daure har ya gaji, ya ce, "Mushe, wai mene ne a ciki haka?"

Na ce, "Ƙwaƙwalwa ce."

"Ta me?"

"Ta Uwar Ɗakinmu. Tata ta lalace, zan kai a sa mata wannan. Ba ta son zafi."

Wallahi ko a jikina, don haka muke faɗa kullum a wurin aiki. Sai na ji motar ta yi tsit. Matar da ke gabana ta janye ɗanta ta mayar da shi ɗaya cinyar. Dattijon ya fara jan carbi da sauri. A shinge na gaba, a wani ƙaramin gari da ba sai na faɗi sunansa ba, na ga direba ya ja jandarma gefe yana yi masa raɗa. Aka kira kowa da sunansa ya koma mota, ban da ni. Ina kallo motar ta tafi.

Jandarmomin suka ce in buɗe. Na ce ba a buɗewa a rana da ƙura. Suka ce to kan wa na yanka? Nan fa raina ya ɓaci na fara ɗaga murya, wanda bai taimaka ba ko kaɗan. Takardun da Mushe Bernar ya ba ni suka karanta suka juya, suka ce takarda ba ta hana akwati ɗaukar abin da ya ɗauka. Su ma tsoron buɗewar suke. Aka ce sai Kwamanda ya dawo daga rangadi. Ba a kulle ni ba, ku daina faɗa. A benci nake kwana a barandarsu, akwatin yana cikin ofis an kewaye shi da kujeru, matar wani daga cikinsu tana aiko mini da fura. Da na huce na ga ba su yi laifi ba. In ni ne wani baƙo ya ce mini ƙwaƙwalwar uwar ɗakinsa ce a kwali, ba zan bar shi ya wuce ba. Amma kowace Magariba da ta same ni a barandar nan sai na ji kamar ana zare mini wani abu.

Kwamanda ya dawo, dogon mutum mai natsuwa. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce a buɗe a gabansa. Na ce to, amma duk mai son taɓawa sai ya fara dafa ƙarfen taga. Ya ɗaure fuska ya ce, "Ni Musulmi ne, ba na rantsuwa da ƙarfe." Jandarmomin suka ƙara ja da baya. Da ƙyar na fahimtar da shi maganar 'yar wutar nan. Na dafa ƙarfen da kaina, na yanke liƙin, na zare takarda mai ƙyalli, na ɗaga allon ta gefe-gefe. Suka matso a hankali. Kwamanda ya daɗe yana kallon ƙananan layukan da ke jikinsa, ya ce, "Wannan ce? Kamar taswirar gari." Ya yi dariya har da hawaye, ya ba ni haƙuri, ya tsayar mini da babbar mota mai zuwa Maraɗi. Da zan hau ya ce, "Mushe, daga nan har Kano, kayan rediyo ne." Haka kuwa na yi ta faɗa, ba wanda ya ƙara kallona.

Na shigo Kano da hantsi. Ba zan kai akwatin gida ba, don haka na wuce kamfani. Na tuɓe takalmi, na kashe wuta, na dafa ƙarfe. Na ɗaga 'yan maƙallai biyu na zaro tsohuwar, gefenta ɗaya ya yi baƙi. Na daidaita ƙananan makunnan da ke jikin sabuwar yadda aka koya mini, na zura ta a hankali har na ji ta zauna daram. Manaja yana tsaye a bayana yana numfashi a wuyana. Na kunna. Fayafayai suka fara juyawa, fitilu suka yi ta ƙiftawa, can allo ya kawo rubutu. Na buga sunana, ta karɓa nan take. Aka duba komai yana nan, ba abin da ya ɓata, ga sauri kamar ba ita ba. Akawuna suka yi ta tafi a baranda. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na ce a raina, to Baba, ga amsarka, ta san ni.

Na isa gida ana fitowa daga sallar Magariba. Hajara tana bakin zaure, ta ce mini sannu da zuwa ba ta dubi idona ba. Na yi sallama na shiga na zauna gefen tabarma, wurina. Na jira ya kau da kai.

Bai kau ba. Ya dube ni tsaf a fuska, da fara'a, ya miƙo mini hannu. Ya ce, "Maraba, maraba. Baiwar Allah, kawo wa baƙo ruwa. Daga ina?"

Na ce, "Daga Yamai."

"Yamai! Ai ɗana yana can. Isyaku. Ba ka gan shi ba? Isyaku, dogo haka, mai saurin fushi." Ya yi dariya. "Ɗan farina ne. Injin Turawa yake gyarawa, duk Kano ba mai taɓa injin nan sai shi. Tun yana ƙarami in na buɗe kan mota yana gefena. Yaron kirki ne, Isyaku. Ban taɓa gaya masa ba, ka san ba a yi."

Shekarata talatin da wani abu ban taɓa jin sunana a bakin nan ba. Ashe haka yake faɗarsa, yana ɗan jan ƙarshen. Na sunkuyar da kai ina kallon ruwan da Hajara ta kawo. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mini wuri ɗaya har na kasa sanin wanne zan fara ji. Na sha tambayar kaina ko jiran Mushe Bernar ne, ko kwanakin baranda, ko kuwa dama ranar tana tafe ko ina nan ko ba na nan. Ba wanda zai iya gaya mini.

To masu tambaya yaya Faransa, ga yadda take. Har yanzu kullum bayan Magariba ina shiga zaure in zauna a wurina, ya tarbe ni hannu biyu, ya tambaye ni ko na ga Isyaku a hanya. Nakan ce na gan shi, yana gaishe ka, yana nan tafe. Jiya da na faɗa masa haka ya gyaɗa kai, ya dafa gwiwata ya ce, "In ka koma ka ce masa kar ya yi sauri. Hanyar Ƙonni ba ta da kyau."